Suna Linzami: Raɗa wa Jariri Suna da Tsokanar 'Yan Makaranta

Gabatarwa

A duk faɗin ƙasar Funtuwa da Malumfashi, daga Ɗandume zuwa Bakori, daga Ɗanja zuwa Ƙafur, da wuya gari ya waye ba a yi taron suna a wani gida ba. Ranar da jariri ya kwana bakwai, da an idar da sallar asuba sai maza su hallara a ƙofar gida, a raba goro, mahaifi ya raɗa wa liman sunan da ya zaɓa, a yi addu'a, a yanka rago, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar da jama'a. Kafin hantsi an watse, kowa ya kama hanyar gona ko kasuwa. Abin da aka yanke a wannan 'yar safiya shi yaron zai riƙa amsawa har iyakar rayuwarsa.

Mahaifi yakan auna abubuwa da dama kafin ya tsayar da suna: iyayen da yake son yi wa takwara, malaminsa, da albarkar da ke tattare da sunan. Abin da ba kasafai yakan faɗo masa a rai ba shi ne filin wasan makarantar firamare, inda bayan shekara 6 yara za su kama sunan nan su juya shi, su ja shi, su yi masa amshi da tafi. Akwai yaran da sunansu ya zame musu abin kunya har suka daina amsa shi a aji. Akwai kuma iyayen da tsoron haka ya sa suka yi watsi da sunayen gargajiya baki ɗaya. Shin suna ne ke jawo wa yaro tsokana, ko kuwa sanda ce kawai da mai neman duka ya tsinta a hanya? Masana halayyar ɗan Adam da masana harshe sun shafe fiye da shekara 70 suna bin diddigin wannan tambaya.

Yaro Ɗaya, Suna Uku

Bahaushe ba ya tsayawa a kan suna ɗaya. Na farko shi ne sunan yanka, wanda galibi na annabawa ne ko sahabbai ko iyalan gidan Manzon Allah (SAW). Da yawa daga cikinsu suna tafe da inkiyarsu: Abubakar shi ne Garba ko Habu, Usman Shehu, Umar Sanda, Yusuf Maitama, Hauwa'u Kulu, A'ishatu Indo, Fatima kuwa Binta.

Na biyu shi ne sunan alkunya. Idan aka sa wa yaro sunan kakansa, uwa ba za ta iya furta sunan surukinta ba, sai a sakaya da Abba ko Baba ko Babangida. Mace kuma a ce Ummi ko Uwani ko Inna. Haka ma ɗan fari, uwa takan ji nauyin ambaton sunansa. Baba ta Karo, dattijuwar da Mary Smith ta ɗauki tarihin rayuwarta daga bakinta a 1949 da 1950 a Giwa, kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa, ta yi bayanin wannan kunya ta ɗan fari a littafin da aka buga a 1954.

Na uku shi ne laƙabin da yanayin haihuwa ya kawo. Akwai na rana: Ɗanladi da Ladi, Altine, Talatu, Balarabe da Larai, Ɗanlami da Lami, Ɗanjuma da Jummai, Ɗan'asabe da Asabe. Akwai na jerin haihuwa: Tanko shi ne namijin da ya biyo mata, Kande ko Delu macen da ta biyo maza, Gambo mai bin tagwaye, Auta na ƙarshe. A ƙasar noma irin wannan kuwa, kalandar gona ita kanta ta zama rumbun sunaye: Shibkau an haife shi ana shuka, Nomau ana noma, Makau da Marka lokacin da ruwa ya kankama, Ɗankaka da Ciwake lokacin da amfani ya zo gida. Akwai kuma waɗanda ke ɗauke da labari mai ɗaci: Audi ya zo duniya bayan rasuwar mahaifinsa, Talle kuma ya tashi a maraya. Maguzawan da ke zaune a ƙasar Malumfashi, waɗanda masanin nan Murray Last ya zauna a cikinsu a farkon shekarun 1970, sun daɗe suna riƙe da irin waɗannan sunaye.

Sunayen Wabi da Abin da Ke Bayansu

Sunayen da suka fi jawo dariya a makaranta su ne na 'yan wabi. Wabi shi ne mace ta riƙa haihuwa 'ya'yan suna mutuwa tun suna ƙanana. Idan aka sake samun haihuwa, sai a sa wa jaririn suna na nuna halin ko-in-kula, kamar Ajuji ko Ajefas ko Ayashe. A wasu wurare har akan kai shi juji a ajiye na ɗan lokaci, sa'annan a ɗauko. Manufar ita ce duk abin da ake zaton yana ɗauke yaran ya ga kamar wannan ba shi da wata daraja, ya ƙyale shi. Wasu sunayen kuma roƙo ne tsantsa: Abarshi, Abarta, Barau, Barmani. Yarbawa ma suna da irinsu, kamar Malomo, wato kada ka sake tafiya. Ibo kuma suna da Onwubiko, wato mutuwa don Allah ki yi haƙuri.

Ilimin likitanci ya bayyana abin da ke bayan wabi. A shekarun 1970 masana daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Liverpool sun gudanar da babban bincike a ƙasar Malumfashi, inda suka bi diddigin zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da sanƙarau da saran maciji, tare da ƙidayar haihuwa da mace-mace. Zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda da gudawa da ciwon haƙarƙari da ƙarancin abinci mai gina jiki su ne manyan masu kashe ƙananan yara a wannan yanki na duniya. Ga kuma cutar sikila, wadda ake gada. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya suna ɗauke da rabin irin cutar ba tare da ta dame su ba. Idan miji da mata duk suna ɗauke da shi, to kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da cutar. Wannan yana daga cikin dalilan da ke sa mutuwa ta riƙa komawa ɗakin mace ɗaya, alhali 'ya'yan kishiyarta suna nan lafiya lau. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma, cikin kowane yara 1,000 da aka haifa, 187 ba sa kaiwa shekara 5.

Saboda haka, yaron da ake kira Ajuji ba yasasshe ba ne. Shi ne wanda aka fi tsoron rasawa a gidansu. Sai dai wannan ma'ana tsofaffin gida ne suka san ta. Ɗan aji uku bai san komai ba sai juji.

Daga Zaure Zuwa Rajistar Makaranta

A da, yaro yakan girma ne a inda kowa ya san labarin sunansa. Abubuwa biyu suka sauya wannan. Na farko shi ne cakuɗuwar jama'a. Layin dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda ya ratsa Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920, cinikin auduga da injinan gurzarta suka jawo baƙi daga sassa daban-daban, sa'annan a 1975 aka buɗe shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, wanda ya ƙara kawo ma'aikata da iyalansu. Na biyu shi ne shirin ilimin firamare kyauta da aka ƙaddamar a watan Satumba na 1976, wanda ya kwaso yaran ƙauyuka ya zuba su a aji ɗaya da na birni, aka rubuta sunayensu a rajista, ana kira kowace safiya.

Rajista ta zo da sabon abu. A al'adar Bahaushe yaro ba ya ambaton sunan mahaifinsa gatsau, kuma a tsakanin yara kiran sunan uban wani ko uwarsa tsokana ce da ke iya kaiwa ga dambe. Amma makaranta tana liƙa sunan uba a jikin na ɗa, a karanta a gaban kowa.

Shi kansa harshen Hausa yana da ƙofofin da mai tsokana ke bi. Masanin harshe Paul Newman, a babban littafinsa na nahawun Hausa da aka buga a 2000, ya nuna cewa idan aka mayar da kalma ta zama sunan mutum, akan gajarta wasalinta na ƙarshe. Kalmomin bawa da baƙo da dogo suna ƙarewa da dogon wasali, amma sunayen Bawa da Baƙo da Dogo da gajere suke ƙarewa. Ke nan mai tsokana ba ya bukatar ƙirƙirar komai. Da ya ja wasalin ƙarshe, ya mayar da Bawa bawa. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka baƙon malami yana iya yin wannan kuskure ba da gangan ba, aji ya fashe da dariya. Haka kuma lanƙwasa guda ta raba b da ɓ, shi ya sa ba wuya a karkatar da Barau zuwa ɓarawo. Turanci ma yana da tasa gudummawar: Sale, wato Salihu, a rubuce daidai yake da kalmar Turanci ta sayarwa.

A 1992 Newman da Mustapha Ahmad sun nazarci yadda Hausawa ke ƙawata suna don nuna ƙauna, kamar Ladi ta koma Ladidi, Sale Salele, Garba Garbati, Kande Kandala. Wannan dabara ta maimaita gaɓa ko ƙara ɗafi, wadda kaka ke amfani da ita wajen rarrashin jikanta, ita ce dai yara ke amfani da ita wajen yi wa suna waƙar shaƙiyanci. Bambancin yana ga mai faɗa da niyyarsa.

Dalilin da Ya Sa Taɓa Suna Ke da Zafi

Babu kalmar da ƙwaƙwalwa ta riƙe da wuri kamar sunan mai ita. A 1995 Denise Mandel da Peter Jusczyk da David Pisoni a Amurka suka gano cewa jariri ɗan wata huɗu da rabi yakan fi daɗewa yana sauraron sunansa fiye da wasu sunaye, ko da masu kama da nasa ne a kari. Tun a 1959 kuma Neville Moray a Ingila ya yi wani gwaji: ya sa wa mutane na'urar sauraro, kowane kunne da maganar da ake zuba masa, ya umarce su da su bi ta kunne ɗaya kawai. Kusan ba su tuna komai daga ɗaya kunnen ba, amma da aka saka sunansu a ciki, kimanin kashi ɗaya cikin uku sun ji shi. Wannan ne dalilin da ya sa mutum kan jiyo sunansa a tsakiyar hayaniyar kasuwar Ɗandume.

A 2003 Naomi Eisenberger da abokan aikinta a Kalifoniya sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane suna wasan jefa ƙwallo a kwamfuta, sa'annan aka daina jefa musu da gangan. Sai aka ga wani sashe na ƙwaƙwalwa da ke aiki lokacin raɗaɗin ciwon jiki ya motsa. Masana suna ci gaba da muhawara a kan iyakar kamannin waɗannan raɗaɗi biyu, amma sun yarda cewa ware mutum daga cikin tsara abu ne da jiki ke ji. Yaron da aka yi wa waƙa da sunansa ba shi da hanyar toshe kunne, domin ƙwaƙwalwarsa ta saba juyowa duk sa'ad da aka ambace shi.

Shin Sunan ne Mai Laifi?

Binciken farko-farko ya ɗora laifin a kan suna. A 1948 Savage da Wells sun duba bayanan ɗalibai fiye da 3,000 na Jami'ar Harvard, suka ce masu baƙin sunaye sun fi faɗuwa a karatu. A 1973 Herbert Harari da John McDavid suka ba malamai insha'in yara su duba, suna sauya sunan da ke kan takardar. Insha'i ɗaya ya fi samun maki idan yana ɗauke da David ko Michael fiye da idan yana ɗauke da Elmer ko Hubert, sunayen da ake ganin sun tsufa. Abin lura a nan shi ne, yaro bai yi komai ba. Zuciyar mai dubawa ce ta karkata.

Daga baya aka gano wani giɓi a irin wannan bincike. Gidajen da ke sa wani nau'in suna sukan bambanta da sauran gidaje ta fuskar dukiya da ilimi da wurin zama. A 2004 Roland Fryer da Steven Levitt sun nazarci takardun haihuwa na jihar Kalifoniya na shekaru kusan 40. Da suka kwatanta waɗanda suka fito daga gidaje masu hali iri ɗaya, sai tasirin suna a kan makomar mutum ya ɓace. Ashe sunan alama ce ta gidan da aka fito. Idan aka ɗauko wannan darasi zuwa gida, sau da yawa abin da ake yi wa dariya a jikin Nomau shi ne ƙauyancin da ake jingina masa da yagaggiyar rigarsa, sunan kuwa mariƙi ne kawai.

Dan Olweus, wanda ya fara nazarin cin zali a makarantun Suwidin a farkon shekarun 1970, ya kwatanta yaran da ake zalunta da waɗanda ba a taɓawa. Ya tarar cewa ƙiba ko tabarau ko launin gashi ko baƙon lafazi ba su fi yawa a cikin waɗanda ake zalunta ba. Kusan kowane yaro yana da wani abu da za a iya kamawa. Abin da ya bambanta su shi ne raunin jiki, da fargaba, da rashin abokan da za su tsaya musu. Mai cin zali yakan fara zaɓar wanda zai iya, sa'annan ya nemi dalili.

Wannan ba ya nufin suna ba shi da nasa tasiri. A 2007 David Figlio ya nuna cewa a wata gunduma ta jihar Florida, yara maza masu sunayen da aka fi sani da mata ba su bambanta da saura ba a firamare, amma da suka shiga makarantar gaba sai rashin jinsu ya ƙaru. Misali mafi kusa kuwa daga Gana ya fito. Asantawa suna sa sunan rana kamar Hausawa, kuma sun ɗauka cewa Kwadwo, haihuwar Litinin, mai sanyin hali ne, Kwaku, haihuwar Laraba, mafaɗaci ne. A 1954 Gustav Jahoda ya duba bayanan kotun yara, ya tarar masu suna Kwadwo sun yi ƙaranci, masu suna Kwaku kuwa sun yi yawa a laifuffukan faɗa da rauni. Bincike ne guda, ba a gina hukunci a kansa shi kaɗai, amma yana da abin lura. A wurin Bahaushe Laraba ranar samu ce, kuma babu mai zaton faɗa daga Balarabe. Rana ɗaya ce a Kumasi da Malumfashi. Abin da ya bambanta shi ne zaton da jama'a suka ɗora wa yaro tun yana goye.

Wasa ko Cin Zali?

Ba kowace tsokana ce cuta ba. Hausawa suna da wasan barkwanci tsakanin kaka da jika, tsakanin taubasai, da tsakanin al'ummomi, kamar Fulani da Barebari, Kanawa da Zazzagawa, Gobirawa da Yarbawa. Masanin al'adu Radcliffe-Brown ya yi bayani a 1940 cewa irin wannan wasa yana rage tsamin dangantaka ne. Sharaɗinsa shi ne kowa yana da ikon ramawa, kuma kowa ya san iyaka.

Olweus ya ba da alamomi uku da ke raba cin zali da wasa: akwai niyyar cutarwa, ana maimaitawa, kuma ƙarfi bai zo ɗaya ba. Idan yara goma suka taru a kan ɗaya, su suna dariya shi yana haɗiye hawaye, yau da gobe da jibi, to an bar wasa. Rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a 2019 ya nuna cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya fuskanci cin zali daga 'yan uwansa ɗalibai a cikin watan da ya gabaci tambayar, a Afirka kudu da Sahara kuwa adadin ya kai kashi 48 cikin 100. Tabon yana daɗewa. A 2014 masana a Landan sun bi rayuwar mutum 7,771 da aka haifa a Birtaniya a 1958, suka tarar waɗanda aka zalunta suna 'yan shekara 7 zuwa 11 sun fi fama da ciwon damuwa da fargaba har suna dab da shekara 50.

Abin da Iyaye Za Su Duba

Babu sunan da yara ba za su iya juyawa ba, don haka neman wanda ya gagari tsokana ɓata lokaci ne. Duk da haka, rigakafi ya fi magani, kuma kwana bakwai sun isa a duba waɗannan abubuwa:

1. A san ma'anar suna. Ba kowace kalmar Larabci mai daɗin ji ce ta dace da suna ba. A tambayi malami. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) yakan sauya suna mai mummunar ma'ana, kamar yadda ya nemi mayar da Hazn, mai nufin tsauri, ya koma Sahl, mai nufin sauƙi.

2. A furta sunan da ƙarfi haɗe da na mahaifi, kamar yadda malami zai kira shi a aji. A ja wasalinsa, a rubuta shi ba lanƙwasa, a karanta shi da bakin wanda ba Bahaushe ba, a ji abin da zai fito.

3. A yi hattara da sunan yayi. A 1991 an sa wa yara da dama Saddam a Arewacin Nijeriya, a 2001 kuma Usama, saboda labaran da ke tashe a lokacin. Labari yana wucewa, yaro ya ci gaba da ɗaukar kayansa. Wani lokaci ma duniya ce ke sauya wa suna ma'ana: bayan da kamfanin Amazon ya fito da na'ura mai amsa umarni da sunan Alexa a 2014, iyaye a Birtaniya da Amurka sun koka a 2021 cewa ana tsokanar 'ya'yansu masu wannan suna da ba su umarni kamar bayi.

4. Laƙabin da ke tona maraici ko wata lalura ta jiki ya tsaya a cikin gida. A rajista a sa sunan yanka, har yaro ya girma ya zaɓi wanda yake so a san shi da shi.

5. A tsayar da rubutu ɗaya. Dokar rajistar haihuwa ta 1992 ta bukaci a yi wa jariri rajista a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa cikin kwana 60. A 2021 hukumar JAMB ta wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa ga masu neman shiga jami'a. Wanda yake Muhammadu a wata takarda, Mohammed a wata, Mamman a ta uku, zai sha zirga-zirgar rantsuwa a kotu kafin ya daidaita su.

6. A ba yaro labarin sunansa tun kafin ya shiga makaranta. Wanda ya san dalilin da ya sa ake ce masa Tanko yana da amsa a bakinsa.

Aikin Malamai da Ɗalibai

Tunda tushen matsalar yana ga zaman makaranta, maganinta ma a can yake. Bayan da wasu yara maza uku suka kashe kansu a Norway a 1982 sakamakon cin zali, an ƙaddamar da yaƙi da shi a faɗin ƙasar a 1983. A makarantun birnin Bergen, inda aka bi tsarin Olweus na sa ido lokacin tara da kafa doka bayyananniya da haɗa kai da iyaye, cin zali ya ragu da kimanin rabi cikin shekara biyu. Ba a sauya wa kowa suna ba.

Malami zai iya farawa daga ranar farko, ta hanyar tambayar kowane ɗalibi sunan da yake so a kira shi da yadda ake furta shi. Ya kuma kiyaye bakinsa, domin laƙabin da malami ya liƙa, kamar daƙiƙi ko jaki, ya fi kowanne daɗewa, tunda yara sun ji shi daga sama. Malamin Hausa yana da dama ta musamman: ya tura ɗalibai wurin kakanninsu su tattaro sunayen gargajiya na garinsu da dalilansu, a karanta a aji, a haɗa da darasin kimiyya a kan gadon sikila da allurar rigakafi. Ajin da ya ji labarin wabi daga bakin tsohuwa zai ji nauyin yi wa Ajuji dariya. Addini da doka duk suna bayan malami a nan: aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana jifan juna da miyagun laƙubba, kuma Dokar 'Yancin Yara ta Nijeriya ta 2003 ta tabbatar wa kowane yaro haƙƙin suna da kare mutuncinsa.

Su ma ɗalibai 'yan kallo suna da ƙarfin da ba su sani ba. A 2001 masu bincike a Kanada da suka ɗauki hoton bidiyo na filayen wasan firamare sun ga cewa idan wani yaro ya sa baki, a fiye da rabin lokutan cin zalin yakan tsaya cikin daƙiƙa 10. Mai tsokana dariyar jama'a yake nema; idan ya rasa ta, kasuwarsa ta watse.

Kammalawa

Bincike ya nuna cewa suna yana iya zama mariƙin tsokana, amma rashin daidaiton ƙarfi da shirun manya ne ke ba ta wurin zama. Ya kamata iyaye su auna suna kafin a yanka rago, ba tare da sun zubar da sunayen da ke ɗauke da tarihin noma da haihuwa da juriyar iyaye mata ba. Ƙasar Funtuwa tana da shaida a kan haka. Mawaƙiyar amada Hajiya Sa'adatu, wadda ta rasu a 2013, duniya ba ta san ta da wani suna ba sai Barmani Choge. Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa da ya yi zama a Funtuwa, ya rasu a 1999 laƙabinsa ya riga ya shafe sunan yankansa. A can kudu kuma, Sarki Sulaimanu Barau ya riƙe sarautar Abuja daga 1944 zuwa 1979, kuma daga sunansa aka samo sunan garin Suleja. Bahaushe ya ce suna linzami ne. Iyaye ne ke ɗaura shi ranar suna, amma da zarar yaro ya shiga aji, yana hannun malaminsa da abokan karatunsa.